Donald Davies: Ma'aikacin gwamnatin da ya koya wa kwamfutoci aika saƙo ƙunshi-ƙunshi

Duk ɗalibin da ya fara karatun sadarwar kwamfutoci a jami'a, darasin da ake fara koya masa shi ne cewa saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanyanka shi ƙanana-ƙanana, a liƙa wa kowane yanki adireshin inda za shi, kowanne ya bi hanyar da ta samu, sannan a sake harhaɗa su a inda suka sauka. Sunan kowane yanki fakiti. Wanda ya raɗa wannan suna shi ne marigayi Donald Watts Davies, masanin Birtaniya da ya shafe kusan rayuwar aikinsa duka yana karɓar albashin gwamnati.

An haife shi ranar 7 ga watan Yunin 1924 a garin Treorchy na yankin Wales. Mahaifinsa akawu ne a wata mahaƙar kwal, kuma ya rasu Donald yana jariri. Sai mahaifiyarsa ta koma garinsu Portsmouth da shi da abokiyar tagwaitakarsa, a can ya yi makaranta. Ya sami digirin fiziks a Kwalejin Imperial ta Landan a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi Jami'ar Birmingham aikin binciken makamin nukiliya. Bayan yaƙin ya koma kwalejin ya yi digirin lissafi a 1947.

A wannan shekarar ya kama aiki a cibiyar binciken kimiyya ta gwamnatin Birtaniya, wato NPL, da ke Teddington, inda Alan Turing yake tsara wata babbar kwamfuta mai suna ACE. Davies yana cikin waɗanda suka ƙera ƙaramarta, Pilot ACE, wadda ta fara aiki a watan Mayun 1950.

A 1965 ya ziyarci Amurka, ya ga yadda mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. A nan ya lura da wata matsala. Layin tarho an gina shi ne don hirar mutum biyu, idan sun kama layin ya zama nasu har su gama. Kwamfuta kuwa takan aika bayani cikin ƙiftawar ido, sannan ta yi shiru na dogon lokaci. Ke nan keɓe mata layi guda asarar kuɗi ce da lokaci. Mafitar da ya kawo ita ce a raba saƙo gajeru-gajeru, ta yadda saƙonnin mutane da dama za su riƙa bin layi ɗaya bi da bi, wasu ƙananan kwamfutoci a mahaɗar hanyoyi suna karɓa suna miƙawa gaba.

Da ya gabatar da lacca kan tunanin nasa a Landan a watan Maris na 1966, wani jami'in Ma'aikatar Tsaro ya sanar da shi cewa Paul Baran na cibiyar RAND a Amurka ya riga ya yi irin wannan tunani, don samar da sadarwar da za ta jure harin nukiliya. Babu wanda ya kwaikwayi wani, amma har girman fakitin da suka zaɓa ya zo daidai, bit 1024.

Davies ya rubuta shawarar a gina hanyar sadarwa ta ƙasa baki ɗaya. Sai dai ikon layukan tarho yana hannun Hukumar Gidan Waya, ita kuwa ba ta yi hanzarin rungumar shawarar ba. Abin da ya samu yi shi ne ƙaramar hanyar sadarwa a harabar NPL, wadda ta ci gaba da aiki har 1986.

Amurkawa ne suka ci moriyar aikin da wuri. A watan Oktoban 1967 abokin aikinsa Roger Scantlebury ya gabatar da tsarin nasu a wani taro a Gatlinburg ta jihar Tennessee. Larry Roberts, mai jagorantar shirin ARPANET na Ma'aikatar Tsaron Amurka, yana wurin, kuma ya shigar da dabarun cikin nasa tsarin. ARPANET ta aika saƙonta na farko ranar 29 ga Oktoban 1969, kuma daga gare ta intanet ta samo asali.

A 1973 Davies da Derek Barber suka wallafa littafi kan sadarwar kwamfutoci. A 1979 ya sauka daga shugabancin sashensa don ya koma bincike, ya mai da hankali kan tsaron bayanai. Bayan ya yi ritaya a 1984 ya zama mai ba bankuna shawara kan kare bayanan kuɗi. Ya sami lambar girma ta CBE a 1983, aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society a 1987. Ya rasu ranar 28 ga Mayun 2000 yana da shekara 75.

Yau duk albashin da ya fita ta tsarin IPPIS, da duk wasiƙar da ta tashi daga wata ma'aikata zuwa wata ta intanet, a fakiti-fakiti suke tafiya. Tunanin ya fito ne daga teburin ma'aikacin gwamnati, amma jinkirin hukumar da ke riƙe da layukan ya sa wata ƙasa ta riga tasa gina shi.