Hajiya Gambo Sawaba: Macen da Ta Riga Doka Magana

An haifi Hajiya Gambo a shekarar 1933, ta kuma tashi a Sabon Garin Zariya. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. An raɗa mata suna Hajaratu, amma da yake ita ta biyo tagwaye, sai Gambo ya bi ta, kamar yadda al'ada ta tanada. Ba ta yi nisa a makaranta ba maraici ya same ta. Tana da shekara 13 aka ɗaura mata aure, mijin kuwa ya tafi ya bar ta da juna biyu. Watau ke nan ba labarin auren wuri ta ji ba, ɗanɗana shi ta yi.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Gambo ta shiga tun tana 'yar shekara 17, har ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Gari. Daga taken jam'iyyar ne ta sami laƙabin Sawaba. Ta je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa suka yi bore a kan haraji. Da ta komo sai ta duƙufa shiga gida-gida, tana yi wa matan kulle bayani a kan illar aurar da yara ƙanana, da aikin tilas, da hana 'ya'ya mata ilimi, da kuma hana su jefa ƙuri'a.

Wannan aiki ya jawo mata wahala ba kaɗan ba. An doke ta, an kore ta daga Kano, an kuma ɗaure ta har sau 16. Abin lura shi ne, a wancan zamani hukumar da ta kama ta, ita ce mai kotu, ita ce kuma mai gidan yari, watau En'e. Duk da haka ta ga amfanin jimirinta, domin a 1979 matan Arewa sun jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001.

Shekara biyu bayan rasuwarta, a 2003, Tarayyar Afirka ta amince da Yarjejeniyar Maputo a kan 'yancin mata, wadda ta tsayar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta hana auren dole da kaciyar mata, ta kuma kare gadon matar da mijinta ya rasu. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2004. Har wa yau, a 2008 Kotun ECOWAS ta sami ƙasar Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 aka mai da ita wahaya, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Ke nan yanzu macen da aka zalunta da sunan al'ada tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a wajen ƙasarta, abin da Gambo ba ta samu ba. Sai dai fa yarjejeniya ba ta da ƙafar shiga zaure. Yarinyar da aka yi wa baiko a ƙauye ba za ta san da ita ba, sai an sami mai kai mata labari har tsakar gida, kamar yadda Gambo ta yi. Allah ya jiƙanta, amin.