Samuel Johnson: Mutumin da Ya Sa Marubuta Shaida a Kan Turanci

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, da malamanmu da Allah Ya ja kwanansu, a wannan fitowa ina so in kawo tarihin wani Bature wanda yawancinmu mun ci moriyar aikinsa ba tare da mun damu da sunansa ba. Duk wanda ya taɓa raba dare da ƙamus saboda jarrabawar Turanci, to jikan littafin Samuel Johnson ne ya riƙe a hannu.

An haife shi ran 18 ga Satumba 1709 a garin Lichfield na ƙasar Ingila. Ubansa mai sayar da littattafai ne wanda kasuwa ba ta yi da shi ba. Tun yana jariri ya kamu da wani irin tibi mai kumbura wuya, wanda ya bar masa tabo, ya raunana masa ido ɗaya da kunne ɗaya. A 1712 uwarsa ta kai shi Landan don Sarauniya Anne ta shafa shi, domin a lokacin an ɗauka hannun sarauta na warkar da ciwon. Bai warke ba. Amma shagon uban ya zame masa makaranta, ya yi ta karatu ba ji ba gani. A 1728 ya shiga kwalejin Pembroke ta Jami'ar Oxford, bayan wata 13 kuɗi suka ƙare, ya koma gida ba digiri.

Malamanmu za su tausaya masa a nan. A 1735 ya auri wata bazawara, Elizabeth Porter, wadda ta girme shi da kusan shekara 20, ya buɗe makaranta da dukiyarta, sai ɗalibai uku kacal ya samu. Makaranta ta mutu. A 1737 ya nufi Landan tare da ɗaya daga cikin ɗaliban, David Garrick, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan wasan kwaikwayo. Shi kuwa malamin ya shekara wajen tara yana rubuce-rubucen neman abin sa wa a baka a mujallu.

A 1746 wasu masu buga littattafai suka haɗa kai suka ba shi kwangilar rubuta ƙamus a kan fam 1,575. Abin da ke damun masana a lokacin shi ne Faransa tana da majalisar masana 40 masu kula da harshenta, ta kuma fitar da ƙamus tun 1694, alhali Turanci ba shi da mai tsawata masa. Johnson ya ɗauki alkawarin gamawa cikin shekara uku. Sai da ya kusa tara. Yana da magatakarda shida a ɗakin saman gidansa da ke Gough Square, biyar daga cikinsu 'yan Sikotland ne.

Hanyar da ya bi ita ce ta fi burge ni. An yi ƙamusoshin Turanci kafin nasa, amma shi bai tsaya kwafar jerin kalmominsu kawai ba. Littattafan manyan marubuta ya ɗauka, irin su Shakespeare da Milton da Dryden da Bacon da Locke, yana karantawa yana ja wa jimla layi da fensir, magatakarda suna kwafewa a guntayen takardu. Daga yadda waɗannan mutane suka yi amfani da kalma yake fitar da ma'anarta, sa'an nan ya jera jimlolinsu a ƙasa a matsayin shaida. Da littafin ya fito ran 15 ga Afrilu 1755, manyan juzu'i biyu, yana ɗauke da kalmomi 42,773 da misalai kimanin 114,000. Kalmar nan 'yar ƙarama ta “take” ita kaɗai ya ware mata ma'ana fiye da 100. Ta haka ne maganar mawaƙa da masu falsafa ta zama ma'aunin da ɗan makaranta da akawu suke gwada Turancinsu a kai. Ba kowa ya bari ya ba da shaida ba: ya ƙi ɗaukar misali daga Thomas Hobbes saboda bai yarda da aƙidarsa ba. A ganina wannan son rai ne, domin Turancin Hobbes ba shi da laifi.

Wani abin lura shi ne, a tsarin aikin da ya buga a 1747 burinsa ya ɗaure harshen ya hana shi sauyawa. A gabatarwar 1755 kuwa ya nuna cewa aikin ya koya masa wannan ba mai yiwuwa ba ne, muddin mutane na ciniki da tafiye-tafiye da fassara, iyakar mai ƙamus ya rubuta abin da ya tarar, ya ɗan rage saurin sauyin. Masu ƙamus na Oxford, waɗanda suka kammala nasu a 1928, hanyar misalan nan tasa suka faɗaɗa, har suka ɗauki wasu ma'anoninsa suka sa musu harafin J.

Ƙamus bai kawo masa arziki ba, don kuɗin kwangila sun ƙare tun kafin a gama, matarsa kuma ta rasu a 1752. Lord Chesterfield, basaraken da aka sa ran zai tallafa, fam 10 ya bayar ya juya baya, sai da aiki ya kusa fitowa ya fara yabo a jarida. Johnson ya aika masa da wasiƙa mai zafi cikin ladabi, yana nuna masa taimakon ya zo bayan an daina bukatarsa. A 1756 aka kama shi kan bashin fam 5 da sule 18, sai marubuci Samuel Richardson ne ya fanshe shi. A 1759 ya rubuta labarin Rasselas, wani yariman Habasha, cikin dararen mako guda don ya biya kuɗin jana'izar uwarsa.

Sauƙi ya zo a 1762 da Sarki George na III ya yanka masa fansho na fam 300 a shekara. Abokan hamayya suka samu abin dariya, domin a ƙamusunsa ya fassara fansho da ladan da gwamnati ke ba ɗan koren da ya ci amanar ƙasarsa. Ya karɓa duk da haka. Bayan nan ya fitar da wasannin Shakespeare da sharhi a 1765, da tarihin mawaƙan Ingila 52 tsakanin 1779 da 1781. James Boswell, wanda ya haɗu da shi a 1763, shi ya rubuta tarihinsa da aka buga a 1791.

Ya rasu ran 13 ga Disamba 1784, aka binne shi a Westminster Abbey. Bai haihu ba. Mafi yawan abin da ya bari ya yi wasiyyarsa ga Francis Barber, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jamaika, wanda ya shigo gidansa yana yaro a 1752, Johnson ya sa shi makaranta da kuɗinsa. Barber ya kwashe iyalinsa ya koma Lichfield da zama.