YUSUFU DELMEDIGO, LIKITA KUMA MASANIN TAURARI

An haifi Yusufu Sulemanu Delmedigo a shekarar 1591 a birnin Kandiya na tsibirin Kirit, wanda a zamanin nan yake ƙarƙashin mulkin Banis. Mahaifinsa malamin Yahudawa ne, saboda haka da karatun addini ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 15 aka tura shi Jami'ar Paduwa ta ƙasar Italiya domin ya koyi aikin likita. A can ne ya zauna gaban shahararren masanin nan Galileo ya ɗauki ilmin taurari, har ya duba sararin samaniya da madubin hangen nesa na malamin nasa.

Ya koma gida a 1613, amma bai daɗe ba ya shiga duniya neman ilmi da littattafai. Ya sauka Iskandariya da Alƙahira, ya zarce Santambul, sa'an nan a 1620 ya isa birnin Bilna na ƙasar Lituwaniya, inda ya zama likitan Yarima Radziwil.

A Lituwaniya ne wani malami mai suna Zera ben Natan ya aiko masa da tambayoyi a kan lissafi da taurari. Amsoshin da ya ba shi su ne tushen littafinsa mai suna Elim, wanda Manassa ben Isra'ila ya buga a Amstadam a 1629. A cikinsa Delmedigo ya goyi bayan ra'ayin Kofanikus, cewa duniya ce take kewaya rana. Wannan magana kuwa ba ƙaramar kasada ba ce a lokacin, domin tun 1616 Cocin Katolika ta hana koyar da ita, kuma a kanta aka gurfanar da Galileo gaban shari'a a 1633. Delmedigo yana cikin mutanen farko da suka kāre ta da harshen Ibrananci, ya kai ta ga masu karatun da ba su san Latin ba.

Daga Amstadam ya koma Farankfot, ya yi shekaru yana duba marasa lafiya na jama'ar Yahudawa. A 1648 ya ƙaura zuwa birnin Firag, inda ya rasu a 1655, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta birnin. Da yawa daga cikin rubuce-rubucensa ba su ga maɗaba'a ba, amma littafin Elim ya wanzu.