Jacob Moreno, likitan da ya mai da wasa magani

A wasu asibitoci da makarantun Amurka yau za ka tarar da yara biyar ko shida kewaye da tebur. Babba ɗaya yana jan labari, kowane yaro ya zama wani, wannan jarumi, wancan ɗan leƙen asiri, sai a jefa ɗan ludo a ga ko dabararsa ta ci. Wasan da ya fi suna cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. Masu shi nishaɗi kawai suka nufa, amma yanzu ana jinyar yara masu firgita da masu gudun mutane da shi. Wanda ya assasa jinya ta hanyar shiga rigar wani kuwa, a shekarar nan ta 1974 ya mutu.

Sunansa Jacob Levy Moreno, Bayahude, an haife shi a Bukares ta Romaniya a 1889, ya tashi a Biyana ta Ostiriya. Tun yana ɗalibi yake zama a lambunan birnin yana yi wa yara tatsuniya, ya sa su tashi su buga labarin da kansu. Ya zama likita a 1917.

Inda rayuwarsa ta fi taɓa ni shi ne aikinsa a sansanin 'yan gudun hijira na Mitterndorf lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Manoma ne da yaƙi ya koro, aka cusa su a bukkoki ba ruwan kowa da wa ke shiri da wa. Ya lura rigima da ciwo sun fi yawa inda aka haɗa waɗanda ba sa ga-maciji, ya ba da shawara a bar mutane su zaɓi maƙwabta. Mu nan Kulungugu wannan ba labarin nesa ba ne. Mun ga waɗanda suka tsallako daga Burkina Faso, ga rikicin Bawku da dokar hana fita. A ajina akwai yaran da ko ƙyaure ya buga sai sun zabura. Ka tambaye su me ke damunsu, shiru. Amma ka ce wane kai ne sarki, wane kai ne ɗan aike, sai baki ya buɗe, kamar dai yadda yaro mai kunya ke sakewa a tashen azumi.

Ranar 1 ga Afrilu 1921 ya ɗora kujerar sarauta da kambi a dandalin wani gidan wasa a Biyana, ya ce duk mai jin zai iya mulki ya hau. Abin bai yi armashi ba, jama'a suka yi ta ficewa. Bai daddara ba, ya buɗe gidan wasan da ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. A nan wata 'yar wasa da kullum take fitowa saliha, alhali a gida masifaffiya ce, ya fara ba ta matsayin masu faɗa. Ta riƙa sauke fushinta a dandali, gida ya lafa.

Mutumin akwai cika baki, gaskiya. Shi da kansa yake ba da labarin yana ɗan shekara huɗu ya hau tarin kujeru wai shi ne ubangiji, wa'iyazu billahi, ya faɗo ya karya hannu. Ba komai nasa zan kawo aji ba.

Ya koma Amurka a 1925. Ya yi aiki a kurkukun Sing Sing da makarantar horon 'yan mata ta Hudson, ya fitar da littafinsa Who Shall Survive? a 1934. A 1936 ya buɗe asibitinsa a garin Beacon, da dandalin wasa a ciki, inda majinyaci kan musanya matsayi da wanda yake riƙe da shi a zuciya. Matarsa Zerka ta ci gaba da koyar da hanyar bayansa. Ya mutu a Beacon ranar 14 ga Mayu 1974, daga baya aka mai da shi makwanci a Biyana.