Tarihin Likita Mila, Baturen Mishan Na Zazzau (1872-1952)

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo mana tarihin wani Bature wanda ba a cika ambatonsa a ajin tarihi ba, alhali kuwa wannan rubutun boko da kuke karantawa yanzu akwai hannunsa a ciki. Sunansa Dokta Walter Miller, amma mutanen Zazzau Likita Mila suke ce masa. Na san wani zai ce, mu da ke zaune Kambarawa da sauran unguwannin Katsina me ya haɗa mu da ɗan mishan na Zariya? To, a yi haƙuri a karanta, domin akwai ɗan Katsina tun a farkon labarin.

An haifi Mila a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Maimakon ya zauna gida ya ci moriyar iliminsa, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS da burin ya yi wa Hausawa wa'azin Kiristanci. A lokacin Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba, saboda haka aka tura shi Tarabulus ta ƙasar Libiya ya koyi harshe a bakin fatake da mahajjatan da ke yada zango a can. A nan ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajid Tafida, wanda tafiyar Makka ta kai shi garin. Wannan yaro daga baya ya zama kamar ɗa a gidan Mila, kuma yana cikin waɗanda suka taimake shi a aikin fassara. Ashe ke nan Hausar da Baturen ya yi suna da ita akwai ta Katsina a ciki.

A shekarar 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka nufi Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada da fushi, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka zauna a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ya mutu. Sauran suka watse da kaɗan da kaɗan, Mila kuwa ya nace. Sai a 1905, bayan Turawa sun kafa mulki, ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Yana kuma cikin waɗanda suka matsa wa Gwamna Lugga a riƙa rubuta Hausa da boko a bar ajami, shawarar da har yau malamai ke muhawara a kan ribarta da hasararta.

Gaskiyar magana, abin da ya kawo shi bai samu ba. Zage-zagi sun sha maganinsa, sun yaba Hausarsa, amma sun riƙe addininsu, in ban da 'yan ƙalilan da za a iya ƙirgawa da yatsu. Ana cikin haka sai ga Isawa. Su waɗannan almajiran wani Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano wajen shekarar 1867 saboda koyarwarsa da ta fifita Annabi Isa, mabiyansa suka gudu suka fake a wajajen Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila, kuma da yawansu suka karɓi Kiristanci. Aka nema musu fili a wani wuri mai suna Gimi, suka gina gidaje da coci da makaranta, suka kama noma, aka sa wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya kula da su. Mu tuna wannan lokaci ne na babbar yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, sa'ad da samun gona mai dausayi ba ƙaramin arziki ba ne. Mila ya ɗauka mafarkinsa ya tabbata.

Dausayin nan kuwa shi ya zame musu ajali. Ƙudan tsando yana son inuwar kurmi a bakin rafi, daidai inda mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka. In ya ciji mutum ya sa masa ƙwayar ciwon barci, sai a fara da zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito a bayan wuya, mutum ya yi watanni yana ganin kamar zai warke. Idan cutar ta kai ƙwaƙwalwa sai ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ko da loma a hannunsa, ya rame, hankali ya gushe, daga nan sai kabari. Ba a yi shekaru da yawa da kafa Gimi ba annobar ta faɗa mata. Abin tausayi, shugaban mishan ɗin likita ne, amma ba shi da abin da zai ba su. Maganin da ake da shi a lokacin, atoxyl, yana iya makantar da mai shansa, su kuwa suramin da tryparsamide da suka fi shi aiki ba su bazu a Afirka ba sai cikin shekarun 1920. Mutane suka yi ta mutuwa gida gida, har dole aka tashi garin.

A ganina a nan ne Mila ya yi aikin da ya fi kowane wa'azi nasa tasiri, ko da yake shi bai ɗauke shi haka ba. Mishan ta kwashe waɗanda suka tsira, galibi yara da marayu, ta kai su Zariya, ta ɗauki cinsu da suturarsu da jinyarsu, ta zuba su a makaranta. Makarantar da a da take neman ɗalibai ido rufe, sai ga ta cike da yaran da ba su da wani gida sai ita. Gwamnati kuwa ba ta tashi haiƙan a kan ciwon barci a wannan yanki ba sai cikin shekarun 1930, lokacin da aka yi aikin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Kada mai karatu ya zaci mutumin ba shi da aibu. Yana da zafin rai da taurin kai, horonsa ga yara mai tsanani ne, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga mulkin sarakuna ba. Ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi wurin Turawa, sarkin nan mai waƙar Tabarƙoƙo, har aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja inda ya rasu. Zage-zagi da yawa ba su yafe masa wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Su ma Turawan mulki ƙaya ya zame musu, don kullum yana sukar yadda suke tafiyar da Arewa.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni aka mai da ita Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa. Mila bai so wannan ƙaura ba. Ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, shi da Dokta Stirrett na mishan ɗin SIM da wasu Hausawa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1935 ya ajiye aiki da CMS.

Ita kuwa makarantar da ya bari ta ci gaba da yaye mutane. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, kuma sunansa ne asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da shi. Akwai Farfesa Ishaya Audu, wanda gidansu na cikin zuriyar Isawan nan, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a zamanin Shagari. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, can ya fara karatu.

 Mila ya ƙare kwanakinsa a ƙasar Filato yana rubuce-rubuce, ciki har da wani littafi da ya fitar a 1947 yana tuhumar ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80 a duniya.