Muhammadu Alkashinawi: Malamin Da Sunansa Ya Riƙe Asalinsa

Yau za mu waiwayi wani bajimin malami da ya rasu nesa da gida, amma bai ɓace mana ba saboda yadda aka rubuta sunansa. A littattafan Larabci ana kiransa Muhammad bn Muhammad Alfulani Alkashinawi Addanrankawi Assudani. Kowace gaɓa tana ɗauke da labari: Bafulatani ne, mutumin ƙasar Katsina, daga garin Ɗan Ranko, a ƙasashen baƙar fata.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan hikima ba. Mutanen Aztek na ƙasar Meziko kan zana sunan mutum kusa da kansa. Sarkinsu Itzcoatl, wanda sunansa ke nufin macijin baƙin dutse mai kaifi, ana gane shi da hoton maciji mai tsinin duwatsu a gadon baya. Su sun yi da zane, malamanmu kuwa sun yi da tawada da baƙaƙen Larabci.

Malam Muhammadu ya yi karatu a ƙasashenmu, cikin malamansa har da Shehu Muhammadu Alwali na Bagirmi. Wajajen 1730 ya kama hanyar aikin hajji, daga baya ya zauna a birnin Alƙahira yana koyarwa da rubutu. Ya shahara a ilimin lissafi da na taurari. A 1732 ya rubuta bayanin yadda ake jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Misali, hatimi mai gida 9, in aka zuba masa lambobi daga 1 zuwa 9 yadda ya dace, kowane layi 15 zai bayar. Cikin littattafansa akwai Addurrul Manzum da Bahjatul Afaƙ.

Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, wato wajajen 1741, a gidan amininsa Shehu Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman Aljabarti, marubucin tarihin Masar, shi ya rubuta labarinsa da cikakken sunansa. Ba don haka ba, da ƙila yau ana lissafa shi cikin malaman Masar.

A nan Yamai, cibiyar IRSH tana ajiye da dubban tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tattara su. Da yawa suna ɗauke da sunan marubuci da na garinsa. Akwai irinsu a gidajenmu, a Maraɗi da Damagaram da Agadas, gara da damina na cinsu. Shafin da ya lalace, sunan wani kakanmu ne ya tafi. Mu duba gafakar iyayenmu tun da sauran lokaci.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa aljanna makoma, amin.