Pierre Poivre: Ɓarawon kanumfari da ya kafa dokar kare dazuzzukan Mauritius

A watan Nuwamba na shekara ta 1769 aka kafa wata doka a tsibirin Mauritius da ke tekun Indiya, wadda ta wajabta wa duk mai fili ya bar kashi ɗaya cikin huɗu na filinsa a matsayin daji. Masana tarihi na lissafa ta cikin dokokin farko a duniya da aka gina bisa hujjar cewa sare itatuwa na rage ruwan sama. Wanda ya tsaya kai da fata a kan dokar wani Bafaranshe ne mai hannu ɗaya, Pierre Poivre, wanda duniya ta fi saninsa da wani abu dabam, wato satar irin kanumfari da gyaɗar ƙamshi daga hannun 'yan Holand.

An haifi Poivre a birnin Lyon na ƙasar Faransa ran 23 ga watan Agusta na 1719, a gidan 'yan kasuwar siliki. Sunan nasa a Faransanci na nufin masoro, kamar dai an san inda zai dosa. Ya taso da burin zama limamin coci, aka kuma tura shi gabashin Asiya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya zauna a kudancin ƙasar Sin da kuma yankin da a yanzu yake kudancin Vietnam, inda gonakin shinkafa da dabarun manoma suka fi ɗaukar hankalinsa a kan aikin da ya kai shi.

A 1745, yana kan hanyar komawa gida, jiragen yaƙin Ingila suka far wa jirgin ruwan da yake ciki. Harsashin igwa ya same shi, aka yanke masa hannun dama, zancen limanci kuwa ya sha ruwa. Aka sauke shi a Batavia, wato Jakarta ta yau, hedkwatar kamfanin cinikin 'yan Holand a gabas.

Zaman jinya a Batavia

A watannin da ya yi a can ne ya fahimci inda arzikin kamfanin yake. A wancan zamani kanumfari da gyaɗar ƙamshi ba sa fitowa daga ko'ina sai tsibiran Maluku na Indonesiya, ƙasar sarakunan Musulmi na Ternate da Tidore. 'Yan Holand sun mamaye cinikin da ƙarfin bindiga. A 1621 suka murƙushe mutanen tsibiran Banda, suka kashe wasu, suka kwashe wasu bayi. Suka taƙaita noman gyaɗar ƙamshi a Banda, na kanumfari a Ambon da kewayenta, suna aika dakaru su tumɓuke duk itacen da ya tsiro a wani wurin. Hatta ƙwayar gyaɗar ƙamshi sai an tsoma ta a ruwan farar ƙasa kafin a fitar da ita, don kada wani ya shuka.

Poivre ya ƙudurta karya wannan babakere. Wurin da ya ga ya dace da dashen shi ne Mauritius, wadda Faransawa ke kira Isle de France, inda ya fara sauka a 1746.

Yunƙurinsa na farko bai yi armashi ba. A 1753 ya iso tsibirin daga Manila da 'yan dashen gyaɗar ƙamshi guda biyar, a 1755 ya ƙaro wasu daga Timor. Masanin tsirrai na kamfanin Faransa, Fusée-Aublet, ya ce ba na ainihi ba ne. Dashen suka mutu, Poivre ya zarge shi da kashe su da gangan, gabar da ke tsakaninsu kuwa ba ta taɓa lafawa ba. Ya tattara ya koma Faransa, ya sayi gona a La Fréta kusa da Lyon, ya shiga gabatar da laccoci kan noma a Afirka da Asiya, waɗanda aka buga a littafi a 1768.

Tsibirin da ya tarar

Wajibi ne a ɗan tsaya a kan tsibirin kansa, don a gane abin da ake asara. Mauritius na gabas da Madagaska, kuma babu ɗan Adam da ke zaune cikinta kafin zuwan Turawa. Kaɗaicin da ta daɗe a ciki ya sa ta mallaki tsirrai da dabbobin da babu irinsu a wani wuri: cikin nau'o'in tsirrai masu fure kusan 700 na asalin tsibirin, kimanin 270 a can kaɗai ake samunsu a duniya.

'Yan Holand ne suka fara zama, daga 1638 zuwa 1710. Sun sassare wani baƙin katako mai tsada, ɗan'uwan kanyar da muka sani, suka shigo da rake da barewa. Ɓeraye da aladu da birai da jiragen ruwa suka kawo suka bazu a daji suna cin ƙwai da 'ya'yan itace. A zamaninsu ne tsuntsun nan da ba ya tashi, wanda Turawa ke kira dodo, ya ƙare ƙaƙaf (sunan dai ba shi da wata alaƙa da dodon tatsuniya). Faransawa suka karɓe tsibirin a 1715, suka ci gaba da sara don gina Port Louis, da gyaran jirage, da itacen girki, da buɗe gonaki.

A 1766 masarautar Faransa, wadda ta karɓi tsibiran daga hannun kamfanin da ya durƙushe, ta naɗa Poivre babban jami'i mai kula da kuɗi da sha'anin farar hula na Mauritius da maƙwabciyarta Réunion. Ya iso a watan Yulin 1767 tare da amaryarsa Françoise Robin. Tun a jawabansa na farko ya caccaki Turawan da ke zaune a wurin. Ya zarge su da zuwa neman kuɗin gaggawa su gudu, suna ƙone dajin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana girma, suna barin ƙasa tsirara rana na gasa ta. A ganinsa dazuzzukan kan duwatsu ne ke tara gajimare, idan suka tafi ƙoramu za su ƙafe, tsibirin da ba ya iya ciyar da kansa kuwa ba zai iya jure yaƙi ba.

Daga nan dokar 1769 ta fito, da sa hannunsa da na gwamna Desroches. Ban da kashi ɗaya cikin huɗun da aka ambata, ta hana taɓa itatuwan gefen koguna da gangaren duwatsu, ta kuma umarci a sake dasa wuraren da aka ƙwaƙule. Masu gonaki ba su so ba, aiwatarwa kuma ta yi rauni. Amma tunanin keɓe bakin kogi da kan dutse ya zauna, har ya ratsa zamanin Ingilishi ya shiga dokokin gandun daji na ƙasar bayan samun 'yancin kai a 1968.

Lambu da kayan sata

Duk da haka bai manta da tsohon burinsa ba. Ya tura wakilinsa Provost da jirage biyu zuwa Maluku. A ƙananan wuraren Gebe da Patani, inda idon 'yan Holand bai cika kaiwa ba, mutanen gari, waɗanda su ma suka gaji da zaluncin kamfanin, suka ba su iri. A watan Yunin 1770 jiragen suka dawo da ɗaruruwan dashen gyaɗar ƙamshi da gomman na kanumfari, aka sake wata tafiyar da ta dawo a 1772.

Ya dasa su a lambun Mon Plaisir da ke Pamplemousses, wanda ya mayar matattarar tsirrai daga Asiya da Afirka da Amurka. Masanin tsirrai Philibert Commerson, wanda ya sauka a tsibirin a 1768, ya zauna ƙarƙashin inuwarsa yana tattara bayanan tsirran asali na Mauritius da Réunion da Madagaska, har rasuwarsa a 1773.

A nan ne tarihin mutumin ke da sarƙaƙiya. Poivre ya kare daji ne saboda ruwa da katako da ƙasar noma. Bambanci tsakanin itacen asali da baƙo bai dame shi ba, kamar yadda bai dami kowa a zamaninsa ba. Shaida mafi bayyana na tsibiran Seychelles, inda bisa umarninsa aka buɗe lambun kayan ƙamshi a tsibirin Mahé a 1772. A 1780 masu tsaron lambun suka hango wani jirgi, suka zaci na Ingila ne, suka cinna wa lambun wuta don kada abokan gaba su samu irin. Ashe jirgin na Faransa ne. Kirfa ta tsira, tsuntsaye suka yaɗa 'ya'yanta, ta haye duwatsu ta danne itatuwan asali, har ta zamo ɗaya daga cikin manyan matsalolin masu kare tsirrai a can.

Akwai kuma batun bayi. Poivre ya soki bauta a rubuce-rubucensa, ya ce noman mutum mai 'yanci ya fi albarka. Sai dai bayi ne suka yi aikin lambunsa, kuma safarar mutane daga Madagaska da gabashin Afirka ta ƙaru a shekarun mulkinsa. Ba a iya wanke shi daga wannan.

Ya bar tsibirin a 1772, bayan rigingimu da gwamnoni biyu, ya sayar wa sarki lambun. Magajinsa a lambun, Jean-Nicolas Céré, ya tsinki kanumfarin farko a 1776, gyaɗar ƙamshi kuma a 1778. Poivre ya rasu a La Fréta ran 6 ga watan Janairun 1786, yana da shekaru 66.

Abin da ya biyo baya

Kanumfarin bai yi wa Mauritius rana ba, domin ƙasar da mahaukaciyar guguwa ba su bar shi ya yi yabanya ba. Ya fi karɓuwa a Réunion, daga baya kuma a Madagaska. A farkon ƙarni na 19 irin ya tsallaka daga waɗannan tsibirai zuwa Zanzibar, inda Sayyid Sa'id na Oman ya cika Unguja da Pemba da gonakinsa, su ma da gumin bayi. Kayan ƙamshin da da sai masu hannu da shuni ya zamo abin jefawa a kunu da shayi.

Dajin kuwa rake ne ya cinye shi. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1810, kuma da aka sassauta wa sukarinsa haraji a 1825 sai aka bi filayen da gatari. Ƙiyasin masana ya nuna cewa dajin asali mai lafiya da ya saura bai kai kashi biyu cikin ɗari na faɗin tsibirin ba. Mafi yawansa na cikin gandun Black River Gorges da aka kafa a 1994, inda babban abokin gaba a yanzu shi ne wata baƙuwar gwaba 'yar asalin Brazil da ke shaƙe ƙananan itatuwa. Ma'aikata kan kewaye 'yan kadada da shinge don tare barewa da aladu, sa'annan su bi baƙin tsirran suna cirewa da hannu.

Lambun Pamplemousses na nan, an sauya masa suna a 1988 zuwa na firaministan farko, Sir Seewoosagur Ramgoolam, kuma masu yawon buɗe ido na tururuwa cikinsa. A wani lambun kuma, a garin Curepipe, akwai wani itace dangin kwakwa mai suna Hyophorbe amaricaulis, wanda tun shekarun 1950 shi kaɗai ne aka sani na irinsa a duniya. Yana fitar da furen namiji da na mace a lokuta dabam-dabam, kuma ƙoƙarin da aka shafe shekaru ana yi na samar masa ɗa a ɗakunan bincike bai ba da dashen da ya rayu cikin ƙasa ba.